Kantar Kwaɗi

Litinin, 6 ga Oktoba

"Ba hukunci ba ne, Hajiya, mataki ne kawai," in ji malamar ajin 'yata, tana turo mini takardar da ɗan yatsa ɗaya kamar mai tsoron kada ta cije ta.

Ina zaune a kujerar yara, gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata. Na lura duk ranar da makaranta za ta gaya wa uwa abin da ba ta son ji, a irin wannan kujerar ake ajiye ta.

Ga abin da ya faru. Sun kawo sabon tsari. An zaunar da kowane yaro, an ba shi shafi ɗaya, malama ta danna agogon wayarta, ya karanta da ƙarfi na minti guda. An ƙirga kalmomin da ya haye lafiya da waɗanda ya yi tuntuɓe da su. Daga nan aka raba yaran launi huɗu: kore, rawaya, ja, shuɗi. Littattafan laburare ma an bi su ɗaya bayan ɗaya an manna musu sitika a gefe. Ranar Juma'a kowa ya nufi kantar launinsa ya ɗauki na karantawa a gida, kada ya leƙa ta maƙwabci.

Balbela kore ce. Kore shi ne na ƙasa. Shekararta tara, tana aji huɗu, kuma a gaban kanta guda za ta riƙa tsugunnawa da 'yan aji ɗaya masu majina.

'Yata. A gidan da sai ka ture littafi kafin ka samu wurin ajiye kofin shayi. Ni da aikina ke nan, gyara jimlolin manyan mutane kafin a buga musu rahoto su yi alfahari da shi.

Na tambayi malamar ko a cikin mintin nan an tambayi yarinyar me ta fahimta. Ta ce wannan ba ya cikin gwajin. Na ce ashe tsere aka yi, da an sanar da na saya mata takalmin gudu. Ta yi ɗan murmushi, irin wanda ake koya musu. Yarinya ce ƙarama, ba ta da laifi, agogo aka ba ta ta danna.

Akwai wurin sa hannun uwa ko uba a ƙasan takardar. Na bar musu shi fari.

Talata, 7 ga Oktoba

Abbanta ya ce ai kore launi ne mai kyau, shi ake nuna wa mota ta wuce. Mutumin da ya tsufa yana awon filaye: da ka ce masa an auna abu, magana ta ƙare. Na ce 'yarka ba fili ba ce. Ya ce shi bai ce fili ba ce, ya miƙo kofi a ƙara masa shayi.

Shi ya laƙaba mata Balbela tun tana koyon tafiya, saboda siraran ƙafafun nan da yadda take tsayawa ta karkata kai tana kallon mutum ba ta cewa uffan. Haka ta tsaya a bakin ƙofa muna wannan maganar. Ban san tun yaushe ba.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Na buɗe jakarta neman robar abinci, sai ga littafi an naɗe shi da tsohuwar jarida, an liƙe da gam ta ko'ina. Na cire. Siriri, rabinsa hoto. Wai agwagwa ce ta ɓatar da takalminta. Ta tambayi akuya, akuya ba ta gani ba. Ta tambayi jaki, jaki bai gani ba. Ban kai ƙarshe ba, zuciyata ba za ta ɗauki wannan tashin hankali ba.

Na tambaye ta dalilin jaridar. Ta ce don kada ya yi datti. Na tsaya ina kallonta. Can ta ce a ƙofar laburare layi ake yi, kowa da launinsa, kore a gaba tunda su ne ƙanana. 'Yan ajinsu da ke bayan layi suna kiran su kwaɗi. In za su shiga sai a riƙa yi musu kukan kwaɗo ƙasa-ƙasa, yadda malama ba za ta ji ba. Ta fi duk 'yan layinta tsawo, ko ta sunkuya ana ganinta. Ta faɗa ba ta ko ɗaga murya, kamar mai ba da labarin wata.

Na sa farce na ɓanɓare sitikar. Ta fito da ɗan fatar bangon. Ko a jikina.

Litinin, 13 ga Oktoba

An turo saƙo ta waya, cikin ladabi: a daina cire sitika, littafin dukiyar makaranta ne. Na amsa cikin ladabi: yarinyar kuma tawa ce.

Laraba, 15 ga Oktoba

Na binciko yadda ake auna littafin shi kansa. Ashe ba wanda ya zauna ya karanta. Manhaja ce a kwamfuta, tana ƙirga tsawon jimla da tsawon kalma ta tofo lamba. Abin da jimlar ta ce ba ruwanta.

Lokacin hutun rana a ofis na gwada ta. Sanarwar rasuwar da ke manne a allon ƙofa: kore. Gajerun jimloli ne, ka ga mutuwa ta dace da 'yan aji ɗaya. Takardar da shugabar makarantar ta aiko wa iyaye tana bayanin tsarin: ta wuce shuɗi, babu kantar da za a ɗora ta. Na yi dariya ni kaɗai har abokiyar teburina ta ɗago ta ce lafiya.

Da na dawo gida na taka kujera na sauko da littafin da na fi so ina yarinya, na tafiyar wani jirgin ruwa. Mai kauri ne, babu hoto ko ɗaya sai taswira a farko. Ban kai shekarunta ba na cinye shi. Na kakkaɓe ƙurar, na ɗora mata a cinya, na ce wannan shi ne launinki. Ta juya shi, ta auna nauyinsa da hannu biyu ('yar ubanta), ta ce to Mama.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Na je wurin Shugaba. Ta fi malamar wuya, don ba ta tsorona. Tabarau a rataye da sarƙa, tebur babu ko ƙura, kuma ta ba ni kujerar manya, na yaba mata da wannan.

Na zayyana mata komai: agogon, manhajar, sanarwar rasuwar. Takardarta kaɗai na bari, ina da sauran tarbiyya. Ta saurara ba ta katse ni ba, abin da ya fi ba ni haushi. Sannan ta ce ita ta daɗe a aikin nan, ta ga yara suna ɗaukar littafin da ya fi kowanne girma don a gan su da shi, su yi ta yawo da shi zango guda ba su karanta shafi ɗaya ba, ƙarshe su yanke cewa littafi ba nasu ba ne. Ta ce launin don yaro ya samu wanda zai iya gamawa shi kaɗai ne, ya ji daɗin gamawa. Na ce ni kuma na ga yaran da aka ce musu iyakarku nan, suka yarda, suka zauna. Ta ce ai ana sake gwaji kowane ƙarshen zango. Na ce ba zan jira zango guda ana yi wa 'yata kukan kwaɗo ba.

Ba ta san da maganar kwaɗin ba. Ta sa tabarau ta rubuta wani abu.

Mun yi yarjejeniya. Juma'ar ƙarshen wata, a ofishinta, za a sake gwada Balbela da shafi daga kantar shuɗi. Agogon yana nan, amma za a ƙara da tambayoyi a kan abin da ta fahimta, kamar yadda na nema. In ta ci, ta koma shuɗi. In ba ta ci ba, in sa hannu a takardar, in kuma bar musu sitikarsu. Na ce zan zauna a wurin.

Ta ce, "Kin tabbata kina so a yi a gabanki?"

Na ce a gabana aka haife ta.

Na gaya wa Balbela a mota. Ta ce to Mama, ta ci gaba da kallon taga.

Asabar, 18 ga Oktoba

Littafin jirgin yana bin ta ko'ina, har bakin banɗaki. Ta saka ribon ɗin gashinta a ciki don alama. Shekaranjiya yana farko-farko, yau ya yi nisa sosai. Na so in ɗauki hoto in tura wa Shugaba. Na daure, na bar ta sai ranar.

Yaya ta kira. Na ba ta labari tiryan-tiryan ina jiran ta taya ni. Ta ce ita 'ya'yanta ba ta san launin ko ɗaya ba, kuma duk suna karanta abin da bai kamace su ba a waya, ba da tuntuɓe ba. Ta ce ke dai tun kina ƙarama ba karatu kike so ba, wanke-wanke kike gudu, kin gano in kina riƙe da littafi Baba ba ya bari a aike ki. Na ce ko ma mene ne, ya yi aiki. Ta ce yarinyar fa, an tambaye ta? Na ce me za a tambaye ta, ga ribon yana magana.

Yaya tana da wata dariya ta hanci da take yi tun muna yara. Har yau ban samo mata magani ba.

Litinin, 20 ga Oktoba

Zauren iyaye na waya ya zama kasuwar fenti. Wata ta sa hoton ɗanta riƙe da littafi, ta karkata shi yadda shuɗiyar sitikar za ta fito sosai, ta rubuta godiya ga Allah. Wata ta tambaya ko akwai malamin da ke zuwa gida ya fitar da yaro daga rawaya zuwa ja kafin hutu. An ba ta lamba har biyu. Ba wadda ta ce ɗanta kore ne. A lissafin zauren nan babu kore a makarantar, aljanu ne ke aron littattafan kantar.

Na rubuta doguwar magana, na gyara ta, na goge. Sai bayan Juma'ar.

Talata, 21 ga Oktoba

Muna cin abinci na tambaye ta ina aka kwana a jirgi. Ta ce har yanzu suna cikin ruwa. To, gaskiya ne, har ƙarshen littafin suna cikin ruwa. Na ce kukun jirgin fa, tsohon nan mai rigima? Ta ce yana nan lafiya. Ta ƙara ruwa a kofin da bai ƙare ba.

Kukun ya faɗa teku tun a babi na uku. Na sha kuka a kansa ina yarinya, har Baba ya ɗauka wani ne ya dake ni. Ribon yana babi na tara.

Mai yiwuwa ta tsallake shafin. Takardun sun tsufa, suna mannewa. Ni ma na sha tsallakewa.

Abbanta bai ɗago daga farantinsa ba, kuma ban ji daɗin yadda bai ɗago ba.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Ciwon ciki tun da sassafe, ba ta je makaranta ba. Ya warke da hantsi, daidai lokacin da ake tashi daga laburare. Ikon Allah.

Asabar, 25 ga Oktoba

Da rana ina kicin ina yanka albasa, ƙofa a buɗe. Tana zaune a ƙasa a falo, ta jingina da kujera, littafin jirgin a kan gwiwa. Ba ta san ina ganinta ba. Leɓenta yana motsi. Hannunta na hagu yana ƙasa, gefen cinya, a dunƙule.

Sai na ga babban yatsa ya miƙe. Leɓe ya ci gaba. Manuni ya miƙe. Na tsakiya. Ba ta kai rabin shafi ba hannun ya buɗe gaba ɗaya. Ta kalle shi. Ta juyo wajen kicin, na sunkuya kan albasa. Da na sake ɗagowa ta zauna a kan hannun. Ta juya shafi, ta juya wani, ta juya wani, ta matsar da ribon.

Na samu Abbanta a waje yana wanke mota. Na kwatanta masa abin da na gani. Ko mamaki bai yi ba. Ya ce malamarsu ce ta koya musu: ka buɗe kowane shafi, duk kalmar da ta gagare ka ka ɗaga yatsa, in hannu ya cika shafi bai ƙare ba, ka mayar da littafin, ka dawo masa wata rana. Na ce shi a ina ya sani. Ya ce a mota.

Ashe kullum da safe, a hanyar makaranta, tana karanta masa na agwagwar. Da muryoyi: akuya da tata, jaki da tasa. Ya ce sun maimaita ba adadi, har yanzu in aka zo wurin jakin sai ta kasa ci gaba don dariya. Ba ta mayar da shi ba, ta ce wa mai laburare ba ta gama ba. Yana cikin akwatin gaban mota, ƙarƙashin takardun inshora, nan suke ajiye shi.

Wato a gidana akwai ƙungiyar asiri, mambobi biyu da agwagwa.

Na ce me ya hana shi gaya mini. Ya matse tsumman a bokiti, ya ce, "Ke ake gaya wa abu in kin riga kin hau?"

Na koma kan albasata. Albasar bana tana da ƙarfi.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Ba zan janye ba. Ko da yarinya tana jan ƙafa a karatu, wannan bai ba kowa izinin jera ta a layi a yi mata kukan kwaɗo ba. Manhajar nan har yanzu jaka ce. Minti ɗaya har yanzu minti ɗaya ne. Kwanakin da suka rage sun isa, zan zauna da ita da kaina.

Talata, 28 ga Oktoba

Na dawo da wuri, na kashe talabijin, na zaunar da ita a teburin cin abinci. Na ce ta karanta mini da ƙarfi daga inda ribon yake. Ta ce ko daga farko? Na ce daga farko.

A gidan nan ni ce mai karantawa, ita mai sauraro. Yau aka juya.

Tana tafiya kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu: ta taka kalma, ta tsaya, ta gwada ta gaba da ƙafa. Doguwar kalma sai ta kama farkonta ta ƙirƙiro sauran. In ta isa ƙarshen jimla farkon ya riga ya tsere mata, sai ta koma. Ban sa agogo ba. Ba sai na sa ba.

Na karɓa na karanta mata babin farko da kaina. Nan fa ta zama wata. Ta naɗe ƙafa a kujera, ta tsayar da ni ta ce me ya sa kyaftin ya ɓoye wa mutanensa taswirar, ashe bai yarda da su ba, to in bai yarda da su ba me ya sa ya ɗauke su cikin teku inda babu wurin gudu. Ni ina shekarunta ban yi wannan tambayar ba, kukun kawai nake wa kuka. Kan nan garau yake. Idon ne bai kamo kunnen ba tukuna.

Na ce kin gani, ranar Juma'a haka za ki amsa musu, su ji kunya. Ta murza ribon a yatsa.

"Mama, in na faɗi, kina wurin?"

Na ce ina wurin mana.

"To ki zauna a bayana. Kada in riƙa ganin fuskarki."

Na ce me fuskar tawa take yi. Ta ce ba komai, irin wadda kike yi in kina gyara takardun ofis.

Na ce ta tashi ta je ta yi wanka.

Laraba, 29 ga Oktoba

An kawo mini rahoton wani mai digiri uku, jimla ɗaya ta cinye rabin shafi. Na rubuta masa a gefe abin da na saba rubutawa: ka rage, ka sauƙaƙa, ba wanda zai kai ƙarshe. Na tsaya ina kallon rubutun nawa. Ba abu ɗaya ba ne. Ba zan zauna ina tunanin ko abu ɗaya ne ba, ina da aiki.

Na shiga banɗakin ofis da jan biro a hannu, na gwada fuskar a madubi. To. Na gani.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Ta goge rigar makaranta da kanta, ta sa littafin jirgin a jaka. Ba ta ce cikinta yana ciwo ba. Da ma ta ce.

Na je ɗauko caja a motar Abbanta. Tunda na riga na buɗe akwatin, na karanta na agwagwar har ƙarshe, a tsaye. Takalmin yana ƙafar jaki tun shafin farko, yana nan a hoton, yana ta rantsuwa bai gani ba. Ba laifi. A matsayina na mai aikin, wanda ya rubuta ya san inda zai ajiye jakinsa. Na mayar ƙarƙashin takardun inshorar yadda na same shi.

Juma'a, 31 ga Oktoba

Ina rubuta wannan a mota, a gaban ofis, ban shiga ba tukuna.

Komai a shirye muka tarar. Littafi mai shuɗiyar sitika a buɗe kan teburin Shugaba, kujera ɗaya a tsakiyar ɗaki, malamar a tsaye da waya a hannu. Balbela ta zauna, ta haɗe dogayen ƙafafun, ta ɗauki littafin. Shugaba ta nuna mini kujera a gefenta. Na ja ta na kai bayan yarinyar, jikin bango.

Daga nan ƙeyarta kawai nake gani, da tsagar kitson da na yi mata jiya, da kafaɗun da suka ɗago har kusa da kunne. Malamar ta ce kin shirya? Ƙeyar ta gyaɗa.

Na ce malama ta mayar da wayarta jaka.

Shugaba ta sauke tabarau. Na ce ni na nemi gwajin nan, ni na janye shi, ba sai na ba da dalili ba. Na ce kada ta ɗauka na yarda da manhajarta, ra'ayina a kanta yana nan inda yake. Ta ce ba ta ɗauka ba, amma sharaɗin fa. Na ce a kawo takardar. Jan biro kaɗai ne a jakata, da shi na sa hannu. Tunda yana hannuna na gyara musu waƙafi biyu a sakin layi na farko. Shugaba ta duba, ta ce ta gode.

Sannan na kawo nawa. Na ce a daina jera yara a layi da launi. Ta ce an daina tun makon jiya, ranar da Balbela ba ta zo ba, kuma masu kukan kwaɗon sun ji daga gare ta. Na ce a mayar da sitikar cikin bangon littafi, inda mai littafin kaɗai zai gani. Ta ce a'a, mai laburare ɗaya ce, ba za ta riƙa buɗe kowane littafi kafin ta jera ba. Na ce to a bar kowane yaro ya ɗauki biyu, ɗaya na launinsa wanda zai karanta da kansa, ɗaya duk wanda ransa ya so ko da karanta masa za a yi. Ta ce za a kai wa kwamiti. Na san kwamiti, maƙabarta ce mai shayi. Na ce zan zo zaman. Ta ce ba ta yi shakka ba.

Duk wannan Balbela tana riƙe da shuɗin littafin a buɗe. Ta juyo.

"Na faɗi ne?"

Na ce ba a yi ba, balle ki faɗi.

"To ni wane launi ce?"

Shugaba ta ce kore, zuwa gwajin ƙarshen zango. Yarinyar ba Shugaba take kallo ba, ni take kallo. Na ce kin ji, kore. Ban san wace fuska na yi ba. Na dai yi ƙoƙari.

Lokacin laburare ne, 'yan ajinsu sun riga sun shiga. Na raka ta ta baranda. A bakin ƙofar ta tsaya, ta buɗe jaka ta zaro littafin jirgin ta miƙo mini. Ta ce in riƙe mata, yana da nauyi, da yamma a ci gaba daga babi na biyu, ni in karanta. Na ce sai na ga yadda aiki ya yi.

Ta shiga. Yara a warwatse, wasu a ƙasa, wasu a jikin taga, ba wanda ya ɗago. Kantar kore tana hagu, can ƙasa, sai an tsugunna. Ta yi taku kaɗan ta tsaya a tsakiyar ɗakin, ta karkata kai tana kallona. Ba za ta tsugunna ina tsaye ba.

Na duba agogon hannuna na ce na makara ofis. Gaskiya ne ma, kusan. Na ja ƙofar a hankali har ta rufu, na bi baranda da littafin a hammata, ban leƙa ta taga ba.